Mai Daddawa ta Kasuwar Katako

Hay el-Sabi', Alƙahira
25 ga Agusta, 2013

Zuwa ga ƙanwata Balki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abakar da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai garin ba daɗi. Kin dai ji a rediyo abin da ya faru kusa da unguwarmu kwanan baya. An sa dokar hana fita, da yamma ta yi kowa sai ya shige gida. Ɗanmu Ayuba kuwa ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya ruƙunƙume uwarsa. Shi ya sa na ga gara su zo wurinki a Yamai su yi wata guda. Ni ba halin tafiya, malamin da ke duba risalata ta digiri bai sa ranar munaƙasha ba, wato ranar da zan kare ta a gaban malamai, takardar iƙamata ta zaman ƙasa kuma tana can ofis a Wustul Balad, kullum na je sai a ce bukra, wato gobe.

Matata Mahasin ba ki taɓa ganinta ba sai a hoto. Babanta Bahaushen Sudan ne, direba a Ma'adi, uwarta Bamisriya, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa tana mayarwa, har ta iya rubutawa, amma al'adunmu ba ta san su ba. Ki yi haƙuri da ita.

Shekara huɗu ina cika mata baki da garinmu. Duk ranar da ta ja ni kasuwar Khan el-Khalili ko wurin dalar Fir'auna tana yi mini gori, sai in ce bari dai ki ga Yamai. To, kada ki ba ni kunya. Ki fara kai ta muze, gidan tarihi, ta ga ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da iccen Tenere, da maƙeran azurfa da masaƙa. Ki bar Ayuba ya ga dorina. Wata rana da la'asar ku hau gada ta ga kogi, yanzu damina ce, na san ya cika. Sai Babban Masallaci, sai Babbar Kasuwa don atamfa, sai Ƙaramar Kasuwa ta ga kayan lambu. In Malam Abakar ya sami mota, ku je Kure ta ga raƙuman dawa. Katako kam kada ki kai ta, babu abin gani a can sai langa-langa da taɓo.

Yanzu ga abin da ya sa na liƙe wannan takarda, na ce Mahasin ta ba ki hannu da hannu. Lokacin aurenmu na gaya mata, ita da iyayenta, cewa mahaifiyarmu ta rasu tun muna ƙanana, Gwaggo Hafsa ce ta riƙe ni har ita ma ta koma ga Allah. Kin san rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuma ban ga amfanin tono shi ba. Don haka kada ki kai ta gidanmu na unguwar Bukoki, kada ki ambaci Inna a gabanta, ki kuma ja kunnen yaranki. Wata guda ne kawai, jirginsu na dawowa ranar 24 ga Satumba.

Na san za ki ji haushina. Ki ji, amma ki rufa mini asiri.

Ki gaida Malam Abakar da kyau. Wassalam.

Yayanki,
Zubairu

*

Banifandu, Yamai
3 ga Satumba, 2013

Ya Abu Ayuba,

Salam da gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya Alƙahira, yaya karatu? Kana cin abinci kuwa, ko kullum ful da ta'amiyya a bakin titi? Malam Abakar ya ce in rubuta, shi zai aika maka ta intanet daga wurin aikinsa. Ka yi haƙuri da Hausata, kai ka koya mini rubutun, laifin naka ne.

Mun sauka lafiya. Balki ta karɓe mu kamar ta shekara tana jira, ɗakinta ta bar mana. Ayuba yana barci yanzu tamam, da safe yana bin awaki a tsakar gida.

Takardar yawon da ka tsara muna bin ta ɗaya bayan ɗaya, amma ka tsufa a Masar, ya ustaz. Ƙaramar Kasuwar da kake faɗa ta ƙone tun bara, fili kawai Balki ta nuna mini. Ta ce kuma in gaya maka an yi gada ta biyu ba ka sani ba. Mun hau tsohuwar da la'asar. Kogin ja ne, ba kamar Nilu ba, ga masu kwale-kwale, ga masu wanki sun shanya kaya a bakin ruwa, ga raƙumi ɗauke da tabarmi yana tafiya tsakanin motoci ba wanda ya kalle shi sai ni.

Muze ya yi mini. Na yi dariya da na ga iccen naku, busasshen icce an yi masa ɗaki an killace, mutane suna kallo. Ayuba ya ƙi barin wurin dorina sai da aka ɗauke shi yana kuka. Amma a ɗakin tufafi na ga wata babbar riga mai aiki a ƙirji, irin wadda kakana yake sanye da ita a hoton da ke gidanmu, shi da ya taso daga wannan ƙasa zuwa hajji a ƙafa bai koma ba. Na tsaya a gabanta hawaye suka zo mini. Ban san zan ji haka ba.

A Babbar Kasuwa na sayi atamfa uku. Hanyoyin ciki ƙanana ne kamar na Khan, kowa yana kira da Zabarmanci da Hausa da Faransanci, ni kuma ina amsawa da Larabci, muka fahimci juna.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Jiya Balki ta ce yalla mu je Katako. Na ce ai Abu Ayuba bai rubuta ta ba, ta ce daddawa ta ƙare a gida. An yi ruwa, taɓo har idon sawu. Ka yi kuskure da ka ce ba abin gani, na ga mutane suna narka gwangwani suna zuba tukwane sababbi fil. Can ciki Balki ta tsaya gaban wata tsohuwa mai daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Zaninta sabo ne, kamar mai zuwa biki. Da ta gan mu sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya gefe. Na gaishe ta, da ƙyar ta amsa. Na ce a raina, wannan mai girman kai ce, bari ta ga 'yar Alƙahira. Na yi mata ciniki irin na kasuwar Ataba. Na ɗauki daddawar na shinshina na ajiye, na ce ta kwana, na ce ta makwabciyarta ta fi kyau, na yi kamar zan tafi. Balki tana ta mintsinina ban san dalili ba.

Tsohuwar ko kallona ba ta yi, idonta yana kan Ayuba. Sai na ji ta ce masa, “Mijina, sai yau ka ga damar zuwa? Ina cefanena?” Yaro ɗan shekara uku, ya Abu Ayuba. Kafin in ankara ta jawo shi ta ɗora a cinya, tana shafa kansa da hannun da take taɓa daddawa, tana motsa baki, sannan ta tofa masa a ka. Na fizge shi, na ciro mandil na goge masa kan a gabanta, na ce haram alaiki ya hajja, ba a yi wa ɗan mutane haka. Ta cika mana leda ta ce mu tafi da ita kyauta. Ni kuwa ba na son kyautar wanda ban sani ba, na ajiye mata kuɗin a kan faifai.

Balki ba ta yi mini magana ba har muka iso gida, yau ma sama-sama take amsa mini. In na yi wani laifi ka gaya mini. Na ɗauki hoton tsohuwar tun kafin abin ya faru, za ka gani a cikin na kasuwa.

Ayuba yana gaishe ka. Ka kula da kanka, kada ka wuce lokacin doka a waje.

Matarka,
Mahasin

*

Banifandu, Yamai
4 ga Satumba, 2013

Yaya Zubairu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, baƙinka suna lafiya.

Na san matarka ta rubuta maka, don haka ba sai na maimaita ba. Ni na kai ta Katako, kuma da gangan na kai ta. Ka ce kada in kai ta gidan Bukoki, ban kai ta ba. Ka ce kada in ambaci Inna, ban ambata ba. Amma ba zan iya zama a gari ɗaya da tsohuwar nan, jikanta yana kwana a ɗakina, ita ko ƙeyarsa ba ta gani ba.

Tun ranar da suka sauka labari ya kai mata, Yamai ba Alƙahira ba ce. Kana tsammani ta tambaya? Ba ta tambaya ba. Kullum na je gaishe ta sai ta ce, “Baƙin naku sun saba da ruwan garin?” Shi ke nan. Ran Lahadi na ce mata gobe za mu biyo ta kasuwa. Ta ce kasuwa ai ta kowa ce. Da safe ta ɗauko zanin Sallarta ta ɗaura ta tafi ta zauna cikin taɓo. Na ce mata matarka ba ta san ta ba tukuna. Dalilin ne ban iya faɗa mata ba, bakina ya ƙi.

Ina tsaye, Yaya, matarka tana kushe daddawar Inna. Ina tsaye ta fizge yaron daga cinyarta, ta goge addu'ar da aka tofa masa kamar an zuba masa ƙazanta. Matan rumfar duk sun san ko wace ce, suna kallo. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta harare ni, na haɗiye. Ban ga laifin Mahasin ba ko kaɗan. Wa ya gaya mata kaka tana kiran jikanta miji? Wa ya gaya mata suruka tana rufe fuska don kunya ne, ba don raini ba? Kai ya kamata ka gaya mata, sai ka zauna kana tsara mata ranar ganin dorina.

Da yamma na koma wurin Inna ina kuka. Ka san abin da ta ce? Ta ce, “Yarinyar tana da tsabta. Ta iya riƙon ɗa.” Kuɗin da aka ajiye mata a faifai ba ta taɓa ba, makwabciyarta ta ce wa ta kwashe.

Kai ɗan fari ne, ka san abin da wannan yake nufi a wurin matan zamaninsu. A garinsu Inna mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, da an yaye shi dangin uba suke karɓa. Tana da shekara goma sha shida Gwaggo ta zo ta ɗauke ka, da ta yi kuka ma dariya za a yi mata. Ba ita ta ƙirƙiro abin ba, tarar da shi ta yi. Har yau in za ta yi maganarka sai dai ta ce “mutumin Masar”, kuma in rediyo ya ambaci Masar, ko tana tsakiyar daka sai ta ajiye taɓarya.

Tunda abin ya kai haka bari in gaya maka wani abu da aka hana ni faɗa. Daddawa da kuka da yajin da fatake suke kawo maka shekara tara, ana cewa daga Gwaggo, bayan rasuwarta ana cewa daga ni, ka taɓa ganin Gwaggo ta dafa kalwa? Ni kuma ka san ko warin ba na so. Inna ce take yi, ta ware mafi kyau, ta ɗaure, ta kawo mini ta ce, “Ko akwai mai tafiya can.”

Saura kwana ashirin su tashi. Abu ɗaya nake roƙonka: ka ba ni izini in gaya wa Mahasin gaskiya, in kai su gidan Bukoki, Inna ta riƙe yaron nan ko na yini ɗaya ne ba tare da an fizge shi ba. Ƙafafunta sun fara kumbura, ban san damina nawa ta rage mata ba.

Ina jiran amsa. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Balki

*

Hay el-Sabi', Alƙahira
9 ga Satumba, 2013

Balki,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta.

Na ba ki amana kin yi mini wayo. To, madalla.

Kina ba ni labarin al'ada kamar wani baƙo. Ke auta ce, a bayanta kika girma, da hannunta ta ba ki tuwo, sunanki ta kira safe da yamma. Bari ni ma in ba ki nawa labarin. Ina da shekara bakwai wani yaro a lakkol, makarantarmu ta boko, ya ce mini Gwaggo ba ita ta haife ni ba, uwata tana sayar da daddawa a Katako. Na gudu daga gidan Gwaggo a Zongo ba takalmi, na yi ta tambaya har na same ta. Na tsaya a gabanta na ce, “Inna.” Ta dubi matar da ke kusa da ita ta ce, “Ɗan wa ye wannan? A mai da shi gidansu kada ya ɓata.” Matan suka kwashe da dariya, suna cewa kai Fatu akwai kunya. Yabonta suke yi. Wani mai kura aka sa ya mai da ni, Gwaggo ta zane ni.

Ranar saukata ba ta zo ba. Ranar da na sami gurbin karatu na je sallama, ta shige ɗaki ta bar ni durƙushe a tsakar gida ina yi wa labule magana. Kin ce tana ajiye taɓarya in an ambaci Masar. Ni ban gani ba, Balki. Abin da na gani shi ne labule.

Akwai wata mata a benen da ke kallon namu, Ummu Hussain. Ɗanta ya haura arba'in, ga sanƙo ga tumbi, direban bas ne. Kullum da safe sai ta leƙo ta baranda tana kiran sunansa, tana cewa ya ruhi, ya albi, wato raina, zuciyata, ka manta sandwicinka. Duk titin yana ji, ba wanda yake dariya. Shekarata ta farko a nan in na ji ta sai in rufe taga. Da baban Mahasin ya tambaye ni labarin mahaifiyata, me zan ce masa? In ce tana raye amma ba ta taɓa kiran sunana ba? Cewa ta rasu ya fi mini sauƙi a baki, kuma wallahi a lokacin ban ji kamar ƙarya nake yi ba.

Shekara tara ina karatun addini, ban ga inda aka ce uwa ta ɓoye wa ɗanta so ba. Na san kuma abin da aka ce a kan haƙƙin uwa, ba sai kin tuna mini ba, na rubuta jarrabawa a kansa na ci mumtaz, makin ƙoli. Sanin bai cire mini komai daga ƙirji ba.

Maganar daddawa, da kin bar ta a cikinki. Jiya na buɗe gwangwanin zan yi miya, na kasa, na mai da murfi. A jirgin metro na wuce tashata har biyu ban sani ba. In abin da kike so ke nan, kin samu.

Amma izini ban bayar ba. In Mahasin ta ji, ba uwa ta samu ba, miji maƙaryaci ta samu, kuma babanta zai ji, duk Ma'adi za su ji. Ku je Kure, ku je masallaci, ku cika kwanakin. Ranar 24 ki sa su a jirgi.

Wassalam.

Zubairu

*

Banifandu, Yamai
17 ga Satumba, 2013

Zubairu,

Salam.

Na kai hotuna an wanke. Jiya uwar Malam Abakar ta zo gaishe mu, na ba ta tana kallo. Ta wuce raƙuman dawa, ta wuce masallaci, ta zo kan tsohuwar Katako sai ta yi murmushi ta ce, “A'a, ga Fatu. Ashe kin je kin gaida surukarki, Allah ya yi miki albarka.” Na ce wace suruka? Ta dube ni, ta dubi Balki. Balki ta saki kwanon da ke hannunta.

Kada ka zarge ta, ba ta faɗa ba sai da na rantse zan kama hanya in je kasuwar in tambaya da kaina.

Na daɗe ina kallon hoton. Goshin Ayuba ne, har yadda kunnen ya ɗan tanƙware. Ina da ido ban gani ba, saboda mijina ya ce mini ta mutu.

Kowane Ramadan ina dafa abinci in raba a ƙofar masallaci, in ce ladan ya kai ga mahaifiyar Abu Ayuba. Babana yana sa ta cikin addu'ar mamata tare da tasa uwar. Kana zaune kana ji kana cewa amin. Ka bar ni na tsaya a gaban matar da ta haife ka ina ce mata kayanta sun kwana. Ka bar ni na goge addu'ar kaka daga kan jikanta, a gaban mutane. Duk lokacin da na tuna hannuna da mandil ɗin nan sai in ji kamar in nutse. Ina jin haushinka, Zubairu, irin wanda ban taɓa ji ba.

Balki ta ba ni labarin ɗan fari, ta kuma ba ni labarin ranar da ka je kasuwa kana yaro. Na yi kuka saboda kai. Amma ni ba ta yi mini komai ba, Ayuba ma ba ta yi masa komai ba.

Ran Juma'a zan je Bukoki in nemi gafararta. Ina neman izininka don kai mijina ne. Ka amsa kafin ranar, kada ka sa in tafi ba da shi ba.

Mahasin

*

Hay el-Sabi', Alƙahira
19 ga Satumba, 2013

Ummu Ayuba,

Wa alaikis salam. Duk abin da kika faɗa haka yake. Ki yafe mini in kin iya. Babanki ni zan je Ma'adi in gaya masa da bakina.

Ki je. Ki cire takalmi tun daga zaure, ki durƙusa, kada ki miƙa mata hannu, kada ki kalle ta cikin ido. Kada ki kira sunana a gabanta, zai yi mata nauyi. Ki saki Ayuba ya je wurinta, duk abin da ta ba shi ya ci, in ta ce ya kwana ki bar shi.

In kin ga fuska, ki ce mata mutumin Masar yana gaishe ta, kuma da an gama munaƙasha yana tafe. Ki rubuto mini abin da ta ce, ko kalma ɗaya ce.

Mijinki,
Zubairu

*

Banifandu, Yamai
23 ga Satumba, 2013

Yaya,

Bayan gaisuwa. Mahasin ta ce ba za ta iya rubutawa ba, ni in rubuta.

Mun je ran Juma'a. Ta yi duk yadda ka ce. Inna tana zaune a kan tabarma, ta sa an share gida, ta dama fura. Mahasin ta durƙusa tana kuka tana neman gafara, Inna tana cewa ba komai, tashi. Sai Mahasin ta ce, “Wallahi ban san ke ce ba, ya ce mini kin rasu tun yana ƙarami.” Ba wanda ya gaya mata Inna ba ta san wannan ba. Laifina ne, ban yi tunanin in ja mata kunne ba.

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, “Gaskiya ya gaya miki, 'yata. Wadda ta haife su ta daɗe da rasuwa. Ni Balki kawai na riƙa, shi ya sa mutane suke haɗa mu.”

Ayuba ya taka ya je ya jingina da gwiwarta yana wasa da carbinta. Ta mai da hannuwanta cikin mayafi. Har muka tashi ba ta taɓa shi ba. Mahasin ta isar da gaisuwarka, Inna ta ce tana amsawa, Allah ya ba da sa'ar karatu, kamar yadda ake ce wa ɗan makwabta.

Na raka su taksi na dawo na ce, “Inna, don me?” Ta ce, “So kike in mai da shi maƙaryaci a gaban matarsa? Da wane ido za ta riƙa kallonsa?” Na ce ai ta riga ta sani. Ta ce, “Ba daga bakina ba.” Ta kuma ce in gaya maka kada ka wahalar da kanka da zuwa Bukoki, don in ka zo, maganar da ta yi wa yarinyar ta tashi a banza.

Mun koma jiya da yaron, Inna ta sa aka ce mana ba ta nan. Takalmanta suna bakin ƙofa.

Jirginsu gobe ne. Ka je ka tarye su.

Balki